Wurin da Ruwa Bai Jiƙa Ba

Aikinsa shi ne ya sa ruwa ya zuba a inda babu sama. Kamfanin da yake yi wa aiki na ƙera wurare a cikin kwamfuta don masu shirya fim. Wani ya gina duwatsu, wani ya dasa itatuwa, wata ta kunna rana ta daidaita inuwa. In sun gama sai a miƙo masa, shi kuma ya haɗo hadari, ya saki iska, ya tsuge da ruwa. Shi ya sa duk ofishin ba mai kiransa da sunansa na yanka, sai Mai Hadari.

Ya iya aikin, wannan ba a ja. Ya san ɗigon da ya faɗi a kan kwano ba ya tsalle irin na wanda ya faɗi a kan yashi. Ya san bango daga gefen da iska ke bugowa yake fara duhu. Ya san gindin itace shi ne ƙarshen jiƙewa, shi ne kuma ƙarshen daina ɗiga bayan ruwa ya ɗauke. Mutum na iya sanin duk wannan, ya kuma kasa sanin yadda ake buɗe baki a ce an yi kuskure. Shekara huɗu ke nan rabon da ya ji muryar yayarsa.

Ran nan da safe, ko zama bai gama yi ba, Oga ya tsaya masa a ka, da kofin shayi a hannu.

"Mai Hadari, tsakar gida nake so. Irin ta da, ƙasa ba siminti ba. Ruwa na zuba, daƙiƙa arba'in. Masu fim ɗin za su zo ƙarfe huɗu."

"Yau?"

"A'a, bara."

"Oga, tsakar gida ai ba a yini ɗaya ake gina ta ba."

"To ka duba cikin tarkacenka. Kai da ba ka zubar da komai."

Gaskiya Oga ya faɗa. Akwai tsakar gida a ajiye, shekara bakwai tana kwance a wani tsohon fayil. Da ita ya koyi aikin. Gidan da aka haife shi ne, ya gina shi bulo bayan bulo daga hotuna da kuma abin da ya riƙe a ka: ɗakuna uku a jere, indararo biyu, mangwaron da ya karkata wajen katanga, igiyar shanya da kaya a kanta, tsohon daro a kife a bakin ƙofar kicin. Har tsagewar bangon da ke kama da kan akuya ya sa. Gidan na gaske yanzu wasu ne a ciki, an ce ma sun sare mangwaron.

Bai so buɗewa ba. Amma ƙarfe huɗu ƙarfe huɗu ne. Ya buɗe, ya kawar da kai daga ƙofar ɗakin tsakiya, ya shiga aiki kamar gidan wani ne. Ya rage hasken sama, ya sa iska ta taso daga gabas, ya zaɓi ɗigo masu kauri, ya ce wa ƙasa ta sha ruwa na daƙiƙa goma kafin ta fara tara shi. Ya tura wa manyan injinan da ke ɗakin baya su yi lissafinsu, ya fita cin abinci. Bai ci kirki ba.

Ƙarfe biyu suka taru a ɗakin kallo, aka ja labule. Oga na gaba. Kusa da shi Fitila, matar da ke kula da haske, wadda bakinta ya fi aikinta kaifi. A baya Dogo mai dasa itatuwa ya miƙe ƙafafu a kan kujera biyu.

Hoton ya tashi a babban allo. Sama ta yi baƙi. Ganyen mangwaro ya juya bayansa. Ɗigo na farko ya bugi daro, na biyu ya tayar da 'yar ƙura, sai ruwa ya kece. Kwano ya ɗauki kuka, indararo ya fara aman ruwa.

Dogo ya ce, "Kai! Har na ji sanyi."

Sai Fitila ta miƙe zaune. "Tsaya. Mene ne wancan?"

A tsakiyar tsakar gidan, tsakanin igiyar shanya da ƙofar ɗakin tsakiya, ruwan ba ya kaiwa ƙasa. A iska yake fashewa. Yana bugun wani abu da ido ba ya gani, yana tarwatsewa, yana gangarowa. Da ruwan ya ƙara ƙarfi sai abin ya fito sarai, feshi ya zana shi: kai mai ɗaurin ɗankwali, kafaɗu, zani har idon sawu. Mace ce a tsaye, ta buɗe hannuwanta biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. A bayanta, inda iska ta hana ruwa kaiwa, ƙasa na nan a bushe, da siffarta.

Dogo ya sauke ƙafafunsa. "A'uzubillahi. Mai Hadari, aljana ka kawo mana ofis?"

Oga ya ce, "Ni tsakar gida na ce. Ban ce da matar gida ba."

Fitila ta jawo kwamfutar gabanta, ta buɗe jerin abubuwan da ke cikin fayil ɗin. Kowane abu da sunansa, kowane suna da ɗan hoton ido a gefensa. Bango, ido a buɗe. Daro, ido a buɗe. Igiya, mangwaro, ƙofa. Can ƙasa akwai guda ɗaya da idonsa ke rufe. Ta karanta a fili.

"Yaya."

Ba wanda ya yi dariya. Ta waiwayo ta dube shi.

"Kai da kanka, malamin ruwa? Ɓoye ta ka yi, ba ka cire ta ba. Ido ka hana ganinta. Shi ruwa ina ruwansa, duk abin da ya tarar a tsaye sai ya buga."

Kuskure ne da ko sabon shiga ba a yafe masa. Kowane ɗigo a kwamfuta faɗowa yake yi har sai ya ci karo da wani abu. Abin da aka ɓoye yana nan a tsaye, ganinsa kawai aka daina. Mai Hadari ya sha koya wa mutane wannan. Mantawa ya yi tana ciki, ko kuwa ya sa kansa ya manta.

Yayarsa ce, shekara goma sha ɗaya ta ba shi. Lokacin da aka haife shi mahaifiyarsu ta daɗe tana jinya, don haka a bayan Yaya ya yi wayo. Ita ta yi masa wanka, ita ta raka shi makaranta, ita ta ɗinka masa rigarsa ta farko a keken da har yau take ci da shi. Ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta.

Da yana koyon aikin nan ya so ya sa mutum a tsakar gidan da ya gina. Hanyar ita ce a tsayar da mutum, ya buɗe hannuwa don injin ya bambance hannu da haƙarƙari, a yi ta zagaya shi ana ɗaukar hoto ta kowane gefe. Wa zai yarda ya tsaya a rana kamar abin korar tsuntsaye? Yaya ta yarda. Ta bar ɗinkin mutane a kan keke ta fito.

"Ni Auta, wane irin hoto ne wannan da ba a murmushi?"

"Kada ki motsa, Yaya."

"Hannuna zai cire."

"Saura talatin."

"Talatin me? Mutum ɗaya hoto ɗari? To in na shiga cikin injin naka, abinci za ka riƙa ba ni ko kuwa haka zan yi ta tsayuwa?"

"Kin motsa. Sai mun sake."

"Allah ya shirye ka."

Sau uku suka sake. Mahaifiyarsu na zaune a ƙofar ɗakin tsakiya tana dariya har da tari.

Bayan shekara uku ciwon mahaifiyar ya tashi gadan-gadan. Cikin kwana tara Yaya ta kira shi sau uku. Duk ukun amsa ɗaya ya ba ta: bari in gama wannan aikin. Guguwa yake haɗawa a kan wani teku, ga masu fim na jira. Ya gama guguwar. Da ya isa gida an riga an dawo daga maƙabarta.

A tsakar gidan nan Yaya ta tare shi, a gaban mutane, idonta a bushe.

"Ta yi ta kallon ƙofa. Ka koma wajen ruwanka na ƙarya, Auta. Nan an gama."

Abin da ya kamata ya yi shi ne ya durƙusa. Kunya ce ta kama shi, kuma kunya in ta sami mai girman kai, rashin kunya take komawa. Ya ce, "Ki daina yi mini faɗa kamar yaro. Ke fa ba uwata ba ce."

Muguwar magana ce, kuma ƙarya ce. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san bayan da ya goye shi.

Ta shiga ɗaki. Shi kuma da ya koma bakin aiki ya buɗe fayil ɗin ya danna ɗan idon da ke gefen sunanta, ta ɓace. Bai goge ta ba, bai kuma kira ta ba. Wannan shi ne aikin matsoraci: ba ya iya yankewa, ba ya iya gyarawa, sai ya rufe ido ya ce ya huta.

Oga ya duba agogo. "To, ko yayarka ce ko kakarka, ƙarfe huɗu ba na son ganinta. Minti nawa?"

Fitila ta ce, "Minti ɗaya. Ya kwashe ta ya kai wani fayil, ya sake sakin ruwan. Ba abin da zai same ta."

Suka fita suka bar shi. A bakin ƙofa Fitila ta tsaya.

"Tana da rai?"

"Tana nan."

"To kai wane irin mutum ne?" Ta ja ƙofar.

Kafin ya taɓa komai sai ya sake kunna hoton. Ya kalla sau ɗaya, ya kalla sau biyu. Ruwa na sauka a kan ɗankwalin, yana bin kafaɗa, yana ɗiga daga yatsun da ta miƙe. Ya kai hannu zai danna idon ya ga fuskarta, sai ya fasa. Ya tura daƙiƙa arba'in ɗin nan cikin wayarsa. Sannan ya yi abin da aka ce: ya ɗauke ta, ya ajiye a wani wuri, ya sake sakin ruwan.

Ƙarfe huɗu saura kwata sabon ya fito. Ba aibi ko ɗaya. Ruwa ya sauka ko'ina daidai, ya cika tsakar gidan daga katanga zuwa katanga, ya jiƙa wurin da take tsaye kamar ba a taɓa tsayawa a nan ba. Masu fim suka zo suka yaba. Ɗaya daga cikinsu ya ce kai ka ce gidan da kowa ya watse ne, abin da suke nema ke nan.

Maganar ta zauna wa Mai Hadari a ƙirji. Shekara huɗu yana zaune lafiya don a can ƙasan ransa ya san tana nan a tsaye, hannu a buɗe, sai ranar da ya ga dama. Yau ya ga yadda tsakar gidan take in babu ita. Haka ya yi da mahaifiyarsa, ya ɗauka za a jira shi.

Ya sami Oga a ofishinsa. "Gobe ba zan zo ba."

"Wa zai yi mini ƙanƙarar da ke kan dutsen nan?"

"Dutsen zai jira."

Oga ya dube shi ta saman tabarau. "Jibi ƙarfe takwas."

Tafiyar awa huɗu ce a mota. Ya zauna gefen taga. Sama fes take, ko gajimare babu, sai ya kama kansa yana lissafin inda zai sa hadari in da shi aka ba wa wannan fili. Ya shirya magana tun daga tasha, ya gyara ta, ya sake gyarawa. Kafin su isa duk ta zube.

Shagon na nan inda ya san shi, a layin masu ɗinki, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da maɓallai. Tun da aka bar gidan, a ɗakin da ke bayan shagon take kwana. Ya ji ƙarar keken tun daga waje. Ya yi sallama.

Keken ya tsaya. Ta amsa sallamar, don sallama ba a ƙin amsa ta. Ta ɗago.

Ba ita ce matar da ke cikin fayil ba. Waccan shekarunta sun tsaya. Wannan ta rame, kafaɗarta ta dama ta sauka, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Shekara huɗu sun wuce ta kanta ba ya nan. Ba wanda zai mayar masa da su.

"Yaya."

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To lafiya?"

Ya ciro waya, ya kunna, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa kamar an ba ta abu mai zafi, ta nisanta shi da fuskarta. Ƙarar ruwa a kan kwano ta cika shagon. Ya ga lokacin da ta gane mangwaron. Ya ga lokacin da idonta ya je ƙofar ɗakin tsakiya ya tsaya. Siffar ta fito cikin feshi. Hoton ya ƙare, ta danna da kanta ya sake.

"Wa ya bar shanya a igiya ruwa na zuba?"

"Ke ce ke kwashewa, Yaya."

"Da wane hannun? Ka shanya ni kamar wanki, ka tafi ka bar ni." Ta ajiye wayar a kan yadin da take ɗinkawa. "Ina fuskar?"

"Na ɓoye ki. Tun ranar nan. Jiya ruwa ya tona ni a gaban mutane."

"Ruwan ƙarya ma ya fi ka kunya."

"Haka ne."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Da ta mayar, sai ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da masu ɗinki ke yi wa aikin wani.

"Wa ya ɗinka maka wannan rigar?"

"Saya na yi."

"Na gani. Kafaɗa a wuya, hannu kamar na aro." Ta miƙe da ƙyar, ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta. "Matso tsakiya. Buɗe hannu."

Ya buɗe, ɗaya wajen ƙofa ɗaya wajen bango. Ta zagaya bayansa, ta ɗora tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ya ji yatsunta ta cikin riga, sun yi sanyi, sun yi ƙashi.

"Yaya, maganar da na faɗa ranar nan..."

"Kada ka motsa."

"Ƙarya na yi. Ban san wani baya ba sai naki."

Tef ɗin ya tsaya a tsakiyar bayansa. Mai gyaran takalmi na ta bugun ƙusa a maƙwabta. Ta ja numfashi ta hanci.

"Ka motsa. Sai mun sake."

Ta sake daga farko. Ta auna kafaɗa, ta je ta rubuta da alli a jikin allon bango, ta dawo. Ta auna hannun dama, ta je ta rubuta. Ta auna na hagu, kamar ba tsawonsu ɗaya ba. Awon da take gamawa kafin mutum ya gama gaisuwa, yau ta ja shi. Hawaye ya gangaro masa har gemu, ba halin sharewa.

"Yaya, hannuna zai cire."

"Saura talatin."

Ta zo gabansa ta zagaya tef a wuyansa, ta sa yatsa biyu a ciki don kada ya matse. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ba ta dube shi a ido ba.

"Mahaifiyarmu ta yafe maka tun kafin ta cika. Ta ce in gaya maka. Ni ce na riƙe, don ban ga ka cancanta ba." Ta zare tef ɗin. "Wannan nawa laifin ne. Sauke hannunka."

Ya sauke. Ya so ya durƙusa, ta daka masa tsawa wai zai tattake mata yadi. Ta koma kan keke ta zauna, ta ɗauki wayar ta miƙa masa, sai kuma ta fasa, ta sake danna hoton. Ruwa ya sake kecewa a tsakar gidan da babu shi yanzu. Suka kalla tare, ita a zaune, shi a tsaye a bayanta.

"Indararon hagu ya fi haka zuba," in ji ta. "Nan muke tara daro. Ka manta."

"Zan gyara."

"Ka kuma kwashe shanyar nan."

"To."

Ta ba shi wayar, ta ɗora ƙafa a kan keke.

"Rigarka sai ran Asabar ta sama. Kuma ni ba na aika ɗinki a mota, Auta. Mai kaya shi ke zuwa da ƙafarsa ya karɓa."